Shekarar da Aka Hana wa Baba Ƙaho

Mahaifina wanzami ne, ɗan wanzami, jikan wanzami. Kakanninmu sun taso daga kudu, suka tsallako iyaka da zabira a rataye, suka zauna Gangara, kuma tun daga nan da wuya ka ga jaririn unguwarmu da aka yi wa askin suna ba da askar gidanmu ba. Ni ce ɗiyar fari, don haka Baba bai taɓa kama sunana ba, saboda kunya. Ina ƙarama "ke" nake. Da na gama karatu aka ba ni aji a wata lakol, wato makarantar boko, a Agiye, sai ya samu mafita, ya koma ce mini Madam, rabi girmamawa rabi tsokana. Ni kuwa ba ni da haƙuri, kowa a gidan ya sani, shi ma ya sani.

Duk arzikin Baba a hannunsa na dama yake. Da shi yake aski, da shi yake kaciya, da shi yake kafa ƙaho a bayan mutum ya tsaga fata sama-sama, ya zuƙe da baki, ya toshe tsinin da kaki, ya jira. In ya cire ƙahon ya juye, jini ya fito guda, baƙi wuluk, sai ya nuna wa mai shi ya ce ga mataccen jinin da ke sa ka nauyin jiki. Da wannan na tashi. Ban taɓa jin ƙyamar jini ba, wari ne na gidanmu.

Wata ranar kasuwa, yana tsakiyar aske wa wani mutum kai, aska ta suɓuce masa ta faɗi ƙasa. Ya duƙa zai ɗauka, hannun ya ƙi. Waɗanda ke wurin suka ce bakinsa ya karkace, ya yi magana ba wanda ya gane. Kafin la'asar komai ya dawo daidai, har ya ƙarasa askin. Shi ya ce rana ce ta buge shi. Majo, babban ma'aikacin jinya na asibitin garinmu, ya riƙe masa wuyan hannu yana bin bugun jijiyarsa, sannan ya kira ni ta salula ya ce in bar abin da nake yi in kai tsohon nan Maraɗi.

Likitar da ta gan mu a Maraɗi mace ce, mai magana a hankali. Da ta ji sana'arsa sai ta aje biro ta ce, "Baba, to aikin ya zo da sauƙi, tunda jini ba baƙonka ba ne. In ka tsaga mutum, me ke tsayar da jinin?"

Baba ya ce, "Allah."

Ta yi dariya ta ce haka ne, amma Allah ya sa masa ma'aikata kashi biyu. Akwai wasu 'yan ƙananan ƙwayoyi a cikin jini, da an ji ciwo su ne ke rugowa su manne wa juna a bakin wurin su toshe. Bayan su akwai wasu sinadarai da hanta ke yi, su ne ke saƙa zare a kan toshiyar har ta zama guda mai ƙarfi, irin wanda yake gani a ƙaho. A kan fata wannan rahama ce. Amma zuciyar Baba ta bar bugawa a tsare, wani ɗaki nata rawa yake yi maimakon ya matse, jini na kwanciya a lungu, kuma jinin da ya kwanta yana daskarewa. Wani ɗan guda ne ya ɓalle ya hau kai ya tare hanya, shi ya sa aska ta faɗi. Ya narke da kansa, Allah ya taimaka. Na gaba ba lalle ya narke ba.

Ta ce magungunan ma kashi biyu ne. Akwai irin su asfirin, masu hana ƙananan ƙwayoyin nan mannewa, ana ba mutanen da jijiyoyinsu suka ƙuntata. Nasa ciwon ya fi ƙarfin wannan. Shi za a ba shi mai rage wa hanta saƙar zaren, ƙwaya ɗaya kullum bayan magariba, har iyakar rai. Mutane na ce masa maganin tsinka jini, amma ba ruwa yake mayar da jinin ba, jinkirta daskarewarsa yake yi. In ya yi kaɗan guda zai dawo. In ya yi yawa, ƙaramin ciwo zai yi ta zuba, har cikin ciki ko cikin kai inda ido ba ya gani. Don haka sai an riƙa awon jini ana daidaita shi. Ta lissafo abin da za mu lura da shi: haɓo mai ƙin tsayawa, dasashi na jini wajen asuwaki, baƙin bayan gida, tabo a jiki ba tare da an buge ba. Kada ya sayi maganin ciwon jiki wajen masu talla a kasuwa, don yawancinsu in sun haɗu da wannan jini ba ya tsayawa. Sannan ta dube shi ta ce, "Ƙaho kuma, kai dai ka yi wa mutane. Kai an gama yi maka."

Baba bai yi gardama ba. Tambaya ɗaya ya yi. Ya ce, "In mutum ya bar sha, yana daɗewa kafin ya fita jiki?"

Ta ce 'yan kwanaki ne jinin ya koma yadda yake, shi ya sa ba a tsallakewa. Ni har na ji daɗi a raina, na ce tsohon nan ya maida hankali.

Daga ranar gidanmu ya koma gidan tsaro. Inna, mahaifiyata, ita ce ta fi shan wuya, don likita ta ce ganye yana rage wa maganin ƙarfi. Ba ta hana ba, ta ce dai kada yau a ci tuli gobe a rasa, a riƙe shi daidai. To wa ke riƙe ganye daidai a ƙauye? Da damina zogale da tafasa da rama su ne cefane, kwaɗo safe kwaɗo rana. Da rani sai busasshe, in an samu. Inna ta koma auna wa mijinta kwaɗo da ludayi tana kallon fuskarsa, shi kuma yana kallon bango. Ni kuwa kowane wata sai in roƙi darektan lakol ɗinmu ya sake ni, in je Gangara in ɗauko shi, mu matsu cikin motar kasuwa zuwa Maraɗi, a ɗebi jini, mu zauna a benci mu jira sakamako. Wani zuwan a ce a ƙara rabin ƙwaya, wani zuwan a ce a rage. Gaba kura baya sayaki, mu muna tsakiya da kwalin magani.

Na zama jandarma a kansa, ban ɓoye ba. In ya yi asuwaki sai in leƙa inda ya tofar. Wata rana na iske mai tallar magani ya jingine kekensa a ƙofar zaurenmu yana kwance ledoji, na yi masa tas har ya manta da canjinsa. Baba ya ce, "Madam, baƙona ne fa." Na ce baƙon da zai kashe ka ba baƙo ba ne. Ya girgiza kai ya ce ai ko gidan kaso ana barin mutum ya gaisa da jama'a. Na ji zafin maganar, amma ban sassauta ba. Tsoro nake ji, tsoro ƙwarai, kuma ni tsorona da faɗa yake fitowa.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne maganin yana aiki. Hannunsa lafiya lau, yana askinsa, yana ƙahonsa. In aska ta ɗan taɓa masa yatsa sai ya danne da tsumma ya daɗe yana jira, yana kallon jinin kamar bai san shi ba. Ya ce mini wannan ba jininsa ba ne, jinin da ba ya jin magana. Na ce shi ne ke riƙe maka hannu. Ya ce to.

Ana cewa wanzami ba ya son jarfa. Baba bai shiga wannan karin maganar ba. Yana da amini a Gidan Rumji, shi ma wanzami, Bagobiri mai zane a kumatu, sun haɗu tun suna samari wajen cin rani. Ba wanzamin da hannunsa ke kai bayansa, kuma ba kowa babban wanzami zai tuɓe wa riga ba. Sai suka ƙulla: kowace bazara, in zafi ya kai zafi kafin ruwa ya sauka, ɗaya zai je wa ɗaya, wannan ya yi wa wannan ƙaho, su juya. Bana a Gangara, baɗi a Gidan Rumji. Tun kafin a haife ni suke haka. Baban Gidan Rumji muke ce masa. A bayan kowanensu akwai layukan tabo, duk na hannun ɗan'uwansa ne.

Bazarar farko bayan fara maganin, amininsa ne ya zo. Na tare shi tun a zaure kafin ya sha ruwa, na zayyana masa abin da likita ta ce. Ya saurara ya ce, "Ɗiyata, na jiya. Jinin da ba shi tsayawa, ba ni taɓa shi." Ya cika alkawari. Baba ya yi masa nasa, shi kuma ya naɗe zabirarsa bai buɗe ba. Na ga Baba ya bi zabirar da kallo. Duk daminar nan yana kukan nauyin kafaɗa da ciwon ƙeya, yana cewa jinin shekara biyu ne a bayansa. Na ce tansiyo ne, hawan jini, mu gaya wa likita. Ya ce likita ba ta taɓa ɗaukar bayansa ta ji nauyinsa ba.

Da bazara ta zagayo, zuwan nasa ne. Na ce ba inda za shi. Ya ce, "Madam, ni an hana ni, na ji. Shi ma an hana shi ne? Mutum ya zo mini bara, in bar shi bana da jini a baya?" Dole na ƙyale shi. Na kira Baban Gidan Rumji na sake tuna masa, ya sake rantse mini. Motar su Baba ta tsaya a tashar Agiye, na fito daga lakol da alli a hannu na same shi, na duba aljihunsa na ga kwalin maganin yana nan. Ya yi dariya ya ce wa mutumin da ke kusa da shi, "Ka ga duwan ɗin gidanmu, mai binciken kaya a iyaka." Ya yi fes, har ya fi kullum walwala.

Ya dawo yana cewa jikinsa sakayau. Inna ta ce ya ƙi tuɓe riga a tsakar gida duk zafin nan, amma ba ta kawo komai a ranta ba. Lokacin awon jini ya yi, ya ce a bari a ga bayan shuka, hadari na haɗuwa. Ni ma jarrabawar yara ta riƙe ni. Ruwan farko ya sauka, gari ya watse gona.

Da hantsi aka kira ni. Baba na gaba da sungumi yana sara, Inna na binsa tana zuba iri, sai ta ga sungumin ya tafi gefe, shi kuma ya zauna a ƙasa kamar mai hutawa, sannan ya kwanta. A amalanke aka kawo shi bakin hanya, a nan na same su. Duk tafiyar Maraɗi kansa na kan cinyata, ina ta jiran abin ya sake shi kamar wancan karon. Ina duba hannun, ina ɗaga shi, yana faɗuwa. La'asar ta yi ta wuce bai sake shi ba.

Hoton kai ya nuna guda ne, babba, ya toshe hanya a ɓangaren hagu. Likitar ta tambayi Inna ko yana shan maganinsa. Inna ta ce kullum ita ke kai masa da hannunta, da ruwa a moɗa. Gaskiya ta faɗa. Sai dai matar gidanmu ba ta tsayawa a kan miji tana kallon maƙogwaronsa. Ajiyewa take yi ta fita. Awon jini ya dawo, likita ta ce jinin nan kamar na wanda bai taɓa shan maganin ba.

Kashegari Baban Gidan Rumji ya iso. Ya tsaya a bakin gado ya daɗe, sannan ya ja ni waje gindin wata bishiyar bedi ya gaya mini da bakinsa, ban tambaye shi ba. Ya ce da Baba ya gama yi masa nasa, sai ya tuɓe riga ya juya baya. Shi ya ƙi, ya ce ya yi wa ɗiya alkawari. Baba ya ɗauki 'yar tsaga ya ɗan taɓa damtsensa, ya miƙa masa hannun ya ce duba. Suka zauna suna kallo. Jinin ya fito, ya tsaya, ya kama, kamar na kowa. Baba ya ce ka gani, ya warware. "Ɗiyata," in ji shi, "tun da munka san juna bai taɓa yi mani ƙarya ba, kuma ga jini na gani da idona. Na aza warkewa ta. Ban san barin sha ya yi ba."

Ya ce ƙahon ya yi kyau. Jini ya fito guda-guda, baƙi, Baba ya sa aka nuna masa, ya yi hamdala.

Na so in yi masa ihu, wallahi na so. Na buɗe baki na ga tsoho ne a gabana yana murza hularsa, sai na rasa wanda zan yi wa. Baba bai yi ganganci da aska ba. Ya san jinin da ba ya tsayawa ba a tsaga shi, sana'arsa ce, ba zai sa amininsa cikin masifa ba. Sai ya yi lissafi irin na wanzami: a bar maganin ya fita, jini ya koma daidai, a yi ƙaho lafiya. Tambayar da ya yi wa likita tun ranar farko ke nan. Mu duka, ni da Inna da amininsa, mun tsare ƙofar da jini zai fita. Gudan da yake murna da shi a cikin ƙaho, irinsa ne ke taruwa a zuciyarsa a daidai lokacin.

Da muka koma gida Inna ta sauke zabirarsa daga ƙusa don ta kakkaɓe. A cikin wani ƙaho da aka toshe da tsumma ta iske ƙwayoyin, bai zubar da ko ɗaya ba. Sun fi na kwanakin tafiyar yawa nesa ba kusa ba. Wataƙila ya ce sai tsagar ta warke ya koma sha. Wataƙila da ya ji jikinsa sakayau ya ɗauka an zuƙe ciwon gaba ɗaya. Na sha juya wannan a raina, kuma ba ni da wanda zan tambaya, don gudan ya tafi da maganarsa tare da hannun da ƙafar dama. Yana ji, yana ganewa, idonsa na bin kowa. In ya yi yunƙurin magana sai wani sauti ya fito, ya ji shi da kunnensa, ya rufe baki.

Ba su mayar da shi kan maganin nan take ba. Likita ta ce wurin da ya mutu a kai ɗanye ne, in an yi gaggawa zai iya zubar da jini, sai da suka jira ya kama. Na ce mata yanzu kuma me ya rage da za a tsare? Ta ce ɗayan hannun, da haɗiyar abinci, da sanin mutane.

Na nemi canjin wurin aiki, aka maido ni wata lakol kusa da gida. Muna nan dai. Inna na auna kwaɗo da ludayi. Kowane wata sai an nemo maza biyu su ɗaga shi su sa a mota. Ƙanena ya karɓi askin unguwa, amma Baba ba ya yarda ya taɓa masa kai, in ya matso da aska sai ya kau da fuska. Gashi ya taru masa, fari fat, shi da bai taɓa kwana bakwai da suma ba.

Da bazara ta dawo, Baban Gidan Rumji ya yi sallama da rana tsaka, da zabirarsa. Na miƙe tsaye. Ya ce, "Zamna, ɗiyata. Aski na taho yi." Muka fito da Baba inuwar zaure muka jingine shi. Ya jiƙa kan, ya sa sabulu, ya wasa aska a fata. Ban taɓa ganin aski mai jinkiri irin wannan ba. Ina tsaye da tsumma mai tsabta a hannu ko da za a yanke shi. Bai yanke shi ba, ko ƙwarzane. Baba ya rufe ido har aka gama.

Sannan tsohon ya aje askar, ya tuɓe rigarsa, ya juya ya zauna a gaban Baba ya ba shi baya, kamar yadda suka saba. Ba sabon tabo a bayan, sai tsofaffin. Na ce masa ga ƙanena nan, hannunsa ya faɗa, in yana so a kira shi. Bai waiwayo ba ya ce, "Bayan ga hannu guda ya sani." Baba ya daɗe yana kallo. Ya ɗaga hannun hagu da ƙyar ya ɗora a kan layukan, yana bin su da yatsa ɗaya bayan ɗaya, daga kafaɗa zuwa ƙasa. Na shiga cikin gida don kada su ga fuskata.

Bayan magariba na kawo ƙwayar da ruwa. Tun dawowarmu daga Maraɗi ni ke ba shi, ban bar wa kowa ba, kuma ba na fita sai na tabbata. Ranar, don amininsa na zaune, na yi niyyar in ɗaga masa ƙafa, in ba shi in juya. Na sa masa a baki, na kai moɗa, ya haɗiye. Na tashi zan tafi sai na ji ya riƙe mini gefen zane. Mutumin da ya yi shekara arba'in yana kunyar kama sunana ya ɗaga kai ya buɗe mini baki, ya ɗaga harshe, ya jira. Na duƙa na duba, na ce na gani, Baba.